Daga rubuta manhaja zuwa teburin ƙulla ciniki

Ƙanena, ka ce shekararka huɗu kana rubuta manhaja a Wuse, yanzu kana son shiga bankin zuba jari, ɓangaren masu zama da kamfanoni suna tara musu jari ko haɗe su. Ana yi, amma ka sani kasuwar ba a Abuja take ba. Hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar jari da ofishin kula da basussuka na DMO suna nan, amma kasuwar hannun jari ta NGX da bankunan zuba jari irin su Stanbic IBTC Capital da Chapel Hill Denham duk a Legas suke. Ka fara shirin ƙaura tun yanzu.

Iya yaren rubuta manhaja na Python da ka yi ba zai burge su sosai ba. A intabiyu za a miƙa maka rahoton kuɗin kamfani a ce ka ƙiyasta darajarsa a Excel, ka kuma kare lissafinka da baki. Nan 'yan kwamfuta ke tuntuɓe, don ba su san aikin akanta ba. Ka zauna ka koye shi da kyau. CFA, jarrabawar ƙwararrun masu nazarin zuba jari, mataki uku ce. Ko na farko ka ci, an ga da gaske kake.

Hattara da tarko ɗaya: da sun ga takardunka za su tura ka sashen kwamfuta da alƙawarin daga baya za ka tsallaka. Da wuya.

Ni da nake ganinka, sashen banki da ke kula da cinikin kamfanonin fasahar kuɗi ne ƙofarka, tunda ka san cikinsu. Sai dai daga ƙasa za ka fara, tare da yaran da suka gama bautar ƙasa bara, kuma kwanan ofis ba baƙon abu ba ne.