Allon shara da Turanci: a kira kowane abu da sunansa

Hajiya, barka da ƙoƙari. Kin tambayi yadda za ki rubuta umarnin raba shara da Turancin Ingilishi a bayan masaukin baƙinku, tunda yawancin masu sauka ƴan kasuwa ne daga Katsina da Kano da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, ba sa jin Faransanci. Na daɗe ina kula da tsabtar wani masauki a nan Maradi, ga abin da na gani yana aiki.

Mai zubar da shara ba ya tsayawa karatu. Hannunsa ɗaya da leda, ɗayan da waya, kallo ɗaya zai yi wa duro ya jefa. To ki rabu da manyan kalmomi irin su "recyclable" da "organic", ko mai digiri sai ya tsaya tunanin inda ɓawon ayaba ya faɗa. Ki sa sunan abin da ke hannunsa: "Plastic bottles only" a duron gorunan roba, "Tins and cans" a na gwangwani, "Food and peels" a na ragowar abinci. Kalma uku zuwa biyar ta isa. Dogon roƙon nan na "Guests are kindly requested" ki bar wa ofishin karɓar baƙi.

Ledar fiya wata ki ba ta duronta daban, da "Water sachets and nylon bags". Na zaɓi "nylon" da gangan, haka ƴan Najeriya ke kiran leda. Ita ce fitinar. Tun 2014 aka yi dokar hana leda mara kauri a Nijar, amma je ki bakin gulbi ki gani. In ta shiga ragowar abinci, manomin da zai ɗiba don taki ba zai so ba, jar akuyarmu kuma in ta haɗiye ta sai ta yi ta ramewa.

Abin da aka hana ya zo a ƙasa da jan fenti: "No batteries. No needles. No broken glass." Yaran jari bola da hannu suke tonawa, ba safar hannu.

Kada ki dogara da launin duro kaɗai, kowace ƙasa da nata tsarin. Ki sa wayar ƙarfe ki ɗaure gora guda da gwangwani guda a jikin duronsu, a sa Hausa da Faransanci ƙarƙashin Turancin saboda masu shara. Da fentin mai za a rubuta a jikin duron. Takarda da tawadar maka ba sa kai damina, rana ta cinye su.

Kafin ki kira mai fenti, rubuta a kwali, ki miƙa wa baƙo ɗaya ledar shara ki koma gefe. Duron da ya yi jim a gabansa, shi za ki sake wa rubutu.