Yaran Firamare Ba Su Yi Ƙanƙanta da Aikin Sa Kai Ba

Assalamu alaikum Malama. Na ga tambayarki tun jiya, cewa kina son 'yan ajinki na huɗu su fara wani aikin taimakon jama'a, amma kina fargabar ko sun yi ƙanƙanta, kuma kada iyaye su ce an mayar musu da 'ya'ya leburori. Na daɗe ina koyarwa a firamare, na gwada wannan abu sau da dama, wani ya yi kyau wani ya lalace a hannuna, shi ya sa na ga bai dace in yi shiru ba.

Batun ƙanƙanta ki cire shi daga ranki. Felix Finkbeiner yana da shekara 9 a 2007 lokacin da aikin aji kan sauyin yanayi ya sa shi kiran 'yan'uwansa yara a Jamus su dasa bishiyoyi, bayan ya karanta labarin Wangari Maathai, 'yar Kenya da ta yi fice wajen fafutukar dasa bishiyoyi. Abin da za ki sa wa ido shi ne, aikin na waye?

Karon farko da na gwada, ni na yanke komai. Na samo dashe, na nuna inda za a haƙa, na jera yaran kowa ya saka nasa, aka ɗauki hoto, aka tafa. Da muka dawo daga hutu sai muka tarar yawancinsu sun bushe. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne babu yaro ko ɗaya da ya tambaye ni me ya same su. Aike na yi musu, sun cika, sun wanke hannu. Daga baya na ci karo da bayanin Roger Hart, wanda ya rubuta wa UNICEF a 1992, inda ya kwatanta shigar yara cikin al'amuran jama'a da tsani mai matakai 8. Ukun ƙasa a wurinsa ba shiga ba ce ma: a juya yaro don cim ma burin manya, ko a yi ado da shi a wurin taro, ko a ba shi dama ta jeka-na-yi-ka. Ina karantawa na gane a mataki na biyu na ajiye yarana.

A shekarar da ta biyo baya sai na canja. Na ba kowa takarda, muka zagaya makaranta da kewayenta, na ce su rubuta duk abin da suka ga yana damun mutane. Ban ce uffan ba, kuma wallahi wannan shirun shi ya fi komai wuya ga malami. Aka tara, aka ƙidaya hannu, famfon da ke ɗiga a bayan ajujuwa ya yi rinjaye. Ni kaina kullum ina wuce shi har idona ya daina ganinsa. Suka tara gorar lita ɗaya a ƙarƙashinsa, wata yarinya ta riƙe agogona, ta cika cikin minti 10. Muka koma aji muka hau allo: lita 6 a awa, lita 144 a kwana ɗaya, sama da lita 1,000 a mako. Wani yaro da ba ya son lissafi ko kaɗan ya miƙe ya ce a sake, bai yarda ba. Ya sake da kansa, ya fito daidai, ya zauna yana girgiza kai. A darasin rubutu suka tsara wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta da kwamitin iyaye, sai da muka gyara ta sau uku kafin ta yi kyan aikawa. Ranar da mai gyaran famfo ya zo, suka kewaye shi, ya ciro 'yar robar da ta cinye ya ɗora wa yarinyar nan a tafin hannu. Ta kai mako tana yawo da ita a jaka.

Wannan ɗaurawa da darasi ita ce ƙashin bayan abin, Malama. John Dewey, masanin ilimin nan na Amurka da ya rasu a 1952, ya daɗe yana nanata cewa yaro yana koyo ne daga abin da ya yi ya kuma zauna ya yi tunani a kai. Don haka bayan kowace fita nake ware kamar minti 15 mu zauna: me muka gani, me ya ba mu wuya, wa ya amfana, me za mu yi dabam nan gaba. Idan lokaci ya ƙure, gara ki rage aikin da ki tsallake wannan zaman.

Idan kina son abin da za ki fara da shi ba tare da fita ko kashe komai ba, ki haɗa kowane ɗan aji huɗu da ɗan aji ɗaya, ya riƙa karanta masa sau ɗaya a mako. Na taɓa ganin yaron da ke in'ina a gaban allo yana maimaita shafinsa a lokacin tara, shi kaɗai a gindin taga, don kada ya ji kunya a gaban ƙaninsa.

Damuwar iyaye kuwa tana kan hanya, kada ki raina ta. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ba yaro damar a ji ra'ayinsa a sashe na 12, ta kuma kare shi daga aikin da zai cutar da shi ko ya hana shi karatu a sashe na 32. Ki nemi izinin iyayen a rubuce, ki gayyaci wasu su raka ku, babba ɗaya ga kowane ƙaramin rukuni. Ban da kaya mai nauyi, ban da bakin titi, ban da taɓa fasasshen gilashi ko allura, kuma kada ya wuce awa ɗaya. Wani abin da na roƙi abokan aikina shi ne su daina hukunta yaro da shara ko tsince takardu. Yaron da aka ba tsintsiya ranar Litinin don ya makara ba zai ɗauke ta ranar Alhamis da alfahari ba.

Sai mutuncin waɗanda ake taimaka wa. Idan za ku ziyarci tsofaffi ko marasa lafiya, a bar waya a aljihu, a koya wa yara gaisuwa da sauraro. Tara kayan taimako a aji kuma ki yi hattara da shi, don yakan rikiɗe ya zama gasa tsakanin iyaye, ga yaron da bai kawo komai ba ya sunkuyar da kai a bayan aji, wataƙila gidansu ne ma ya fi buƙata. Maki ma kada ki ɗora shi a kan yawan aikin da yaro ya yi. Ki ba da shi a kan wasiƙar, da lissafin, da abin da ya rubuta bayan an dawo.

Ki fara da zagayen nan a makon gobe, takarda da fensir kawai. In kin tattara abin da suka rubuta, ki dawo ki gaya mana, sai mu duba tare wanne zai shiga cikin darussan wannan zangon. Allah ya taimaka.