Hybrid a ƙaramar 4x4: wace iri ta dace da Yamai?

Malam, ka ce kana son irin su Corolla Cross ko RAV4 amma ka rasa wace hybrid, wato mota mai haɗa injin esansi da batir, za ka ɗauka. Iri uku ne fa. Akwai mild hybrid mai ɗan batir 48V, wannan taimakon inji kawai take yi, ragin esansi kaɗan ne. Akwai plug-in da ake sa wa caji a gida, yadda wuta ke ɗaukewa lokacin zafi ni ban ba ka shawara ba. Ta ukun ita ce ta Toyota mai cajin kanta idan ka taka birki, ita na fi so, a cunkoson Grand Marché inji mutuwa yake yi batir na ja, amma in kullum hanyar Dosso zuwa Tahoua kake bi ribar ba ta kai haka ba.

Abin da mutane ke mantawa ƙura. Akwai 'yar kafar iska a gefen kujerar baya mai sanyaya batir, in harmatan ya toshe ta batirin zafi zai yi ya lalace, a riƙa share ta. In motar ta hannu ce, a sa mata na'ura a duba lafiyar batir kafin ka biya. Wayoyin batirin masu launin ruwan lemu kuwa wuta ce mai kisa, don Allah kar yaron gareji ya taɓa, nemi makaniken da ya san hybrid.