Ki bar wa magen 'ya'yanta tukuna

Kin ce magen unguwa ta haihu a ɗakin ajiyarku, kina tambaya ko ki kwashe 'ya'yan ki raine su. A'a 'yar'uwa, ki bar su wurin uwarsu har su kai sati 8. Naki dai ki ajiye mata ruwa da ɗan kifi a kusa, ki hana yara jagwalgwala su, don in aka dame ta sai ta canza musu wuri.

Sai fa in ta yini ba ta dawo ba, jikinsu ya yi sanyi, to ki lulluɓe su da tsumma ki kai su asibitin dabbobi. Kada ki ba su madarar shanu. Na sha ganin ta sa su zawo, shi kuwa saurin kashe su yake yi.