Suna uku a Wi-Fi ba shi ne rabuwa ba

Ka ce ka buɗe suna uku a Wi-Fi na gidan abincin nan, na baƙi, na ma'aikata, na POS, kana tambaya ko aiki ya kammala. Yaro, ko farawa ba ka yi ba. Ƙofa uku ka yanka wa gida, amma duk zaure ɗaya suke faɗawa.

Kowane suna sai ya hau VLAN nasa, wato keɓaɓɓen layi da ake warewa a cikin saiti ko da na'ura ɗaya ce, ka ce mai lamba 10, 20, 30, kowanne da jerin adireshinsa. Yadda ake buɗe su a na'urorin MikroTik ko UniFi ba zan ɓata bakina ba, wanda ya shekara a shagona ya sani. Inda yaran yanzu ke faɗuwa shi ne sun ɗauka da an raba VLAN shi ke nan. Rauta, wato na'urar da ke raba intanet, da kanta take haɗa su in ba ka hana ta ba. Sai ka rubuta mata doka: baƙo intanet kawai zai gani, ko wayar wanda ke kusa da shi kada ya gani, kuma ka ƙayyade masa gudu. Ma'aikaci ba ya taɓa ɓangaren kuɗi. POS fita kawai yake yi zuwa banki, ba mai shigo masa. Ƙa'idar PCI DSS ta kamfanonin kati ma ta ce a sa shinge tsakanin Wi-Fi da inda bayanan kati ke bi. A 2013 ɓarayi sun shiga kantunan Target na Amurka da kalmar sirrin ɗan kwangilar na'urar sanyaya ɗaki, suka gangara har injinan biyan kuɗi, suka kwashe bayanan kati kusan miliyan 40.

Wani Alhaji mai otal na yi wa irin wannan aiki a ƙarshen 2022, aikin da ko yau zan nuna wa kowa. Ya biya rabi, ya ce saura sai ya ga kamun ludayinsa. Bayan na tafi sai ya ga wayarsa ba ta nuna masa kyamarori, saboda a layin baƙi ya hau. Maimakon ya kira ni, sai ya kira ɗan ƙanwarsa da ya kalli bidiyo biyu a YouTube. Yaron ya danna maɓallin goge saiti, ya haɗa komai wuri guda, aka rubuta kalmar sirri a kwali aka manna a wajen karɓar baƙi.

Sai ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, kowa ya koma kati da tiransifa. Da yamma samari su cika harabar suna kallon ƙwallo a waya, layi ya cushe, POS ya tsaya cak. A cire wa mutum kuɗi, rasit bai fito ba, rigima ta kaure. Daga baya wani baƙo ya buɗe kwamfutarsa ya tarar da fayil ɗin akawu a fili, sunayen masu kwana da lambobin wayarsu.

Alhaji ya kira ni, ya zazzage ni a gaban ma'aikatansa, wai aikina jabu ne. Na buɗe rauta na nuna masa ko doka ɗaya cikin waɗanda na rubuta babu. Ya ce shi ba ruwansa da turanci. Cikon kuɗina har yau yana hannunsa, kuma ya ɓata ni wajen abokinsa da ke shirin ba ni aikin wani otal ɗin. Wannan ta fi kuɗin yi mini ciwo.

Saboda haka gobe ka koma gidan abincin. Ka hau layin baƙi da wayarka a gaban mai gidan, ka nemi firinta, ka nemi kyamara, ka nemi POS, ya gani da idonsa ba a samun su. Ka ajiye kwafin saitin a wajenka, ka rubuta a takarda cewa duk wanda ya taɓa rauta ba da saninka ba, gyara da kuɗinsa, ya sa hannu. Kuma kada ka miƙa kalmar sirrin rauta sai cikon kuɗinka ya shigo.