Amsa ga ɗan'uwan da aka ƙwace wa waya a kasuwa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka riƙa ɗaukar hoton titi da kasuwa ba tare da an taso maka ba, tun da har an taɓa ƙwace maka waya, sannan ka ce hotunanka na taurari baƙi ƙirin suke fitowa. Da na karanta ta farkon sai da gabana ya faɗi, domin abin da ya same ka ya same ni, kuma har yau bai bar raina ba.

A kara ta wata kasuwar mako a ƙasar Daura abin ya faru, da hantsi. Na gaida wani dattijo Bafulatani na nemi izininsa, ya amince da fara'a, har ya gyara malafarsa ya dafa tozon bijiminsa. Ina cikin saita kyamara sai wani dillali, wanda ko inuwarsa ba ta shiga hoton ba, ya ɗaga murya ya ce ga infoma nan yana ƙirga shanun mutane. Duk wanda ke zaune a jihar Katsina ya san abin da irin wannan zargi yake jawowa a shekarun nan. Kafin in buɗe baki an kewaye ni, wani ya riƙe igiyar kyamarar yana ja a wuyana, dattijon yana ta rantsuwa cewa shi ya ba ni izini amma babu mai saurarensa. Na nuna katin shaidata, na ce a kai ni wurin sarkin kasuwa, na ce a duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Dillalin ya ƙi. Ya sa aka zare memorin kyamarar, ya sa shi a baki ya karya da haƙori, ya tofar a ƙasa yana dariya. A cikin memorin nan akwai hotunan hawan Sallar Gani da na ɗauka a ƙofar fada, akwai kuma hotunan kawuna yana aiki a maƙerarsa, kuma Allah ya yi masa rasuwa kafin in sake zuwa wurinsa da kyamara. Mutumin nan ya san sarai ni ba ɗan leƙen asiri ba ne, domin da ya yi imani da abin da ya faɗa, da jami'an tsaro zai miƙa ni. Nishaɗi kawai ya yi da ni a gaban jama'a, kuma na bar shi da Allah.

Tun daga ranar ba na shiga kasuwa da kyamara sai da ɗan gari a gefena. Ka fara zuwa hannu rabbana, ka zauna a teburin mai shayi, ka gaisa da mutane, ka kai gaisuwa ga sarkin kasuwa ko mai unguwa ka gaya masa abin da ya kawo ka. Idan ka ɗauki mutum ka juya masa waya ya ga kansa, in da hali ka wanko hoton ka kawo masa mako mai zuwa. Mahaucin da ya rataye hotonsa a rumfa shi ne zai fara tsaya maka ranar da wani ya nemi tada fitina. Matan aure da 'yammata da almajirai kuwa kada ka ɗauke su a ɓoye, ba don tsoro kaɗai ba, mutuncinsu ya fi hotonka daraja. Shingen jami'an tsaro da bariki da ofishin 'yan sanda ko kallonsu kada kyamararka ta yi. Idan kuma aka ce ka goge, ka goge ba gardama. Yawancin wayoyi suna ajiye abin da aka goge a kwandon shara har kwana 30, memorin kyamara kuma manhaja irin su Recuva tana iya dawo da abin da ke ciki matuƙar ba ka ɗora sabbin hotuna a kai ba. Wannan don ceto sauran aikinka ne, amma hoton wanda ya ce ba ya so, ka bar shi a goge.

A cikin birnin Katsina ni na fi son la'asar sakaliya, lokacin da rana ta karkata ta bugi jar ƙasar Hasumiyar Gobarau ta fito da kowane layin yaɓe. Da tsakar rana inuwar hula ke rufe idon mutum, hoto ya zama ba fuska. Ranar hawan sallah a Ƙofar Soro ka bi umarnin dogarai, ka sa saurin ɗauka a kashi ɗaya cikin 1000 na sakan saboda sukuwar dawaki, kuma kada ka kuskura ka canja gilashin kyamara a cikin wannan ƙura.

Maganar taurari kuwa, ina kyautata zaton da hunturu ka fita, domin mutane suna ganin babu hadari sai su ɗauka sama a share take, alhali hazo ya lulluɓe ta. Daren da ya fi kowane kyau shi ne wanda ruwa ya sauka ya wanke ƙura sannan gajimare ya yaye, ko kuma farkon kaka cikin Oktoba. Ka duba lissafin wata: daga 27 zuwa 2 ko 3 ga sabon wata ne sama take duhu sosai. Farin zaren taurarin nan da ke ratsa sama ya fi kauri ta kudu, kafin asuba a watan Afrilu da Mayu, bayan isha'i a Yuli da Agusta. Kaza da 'ya'yanta ana ganinta da farkon dare a lokacin sanyi, idan hazo ya yi sauƙi.

Hannu ba zai riƙe maka kyamara ba, sai ka kafa ta a kan mai ƙafa uku, ko ka jingina waya da buhun yashi. Ka fita daga saitin otomatik, ka buɗe gilashi iyakar buɗewarsa, wato lambar f/2.8 ko f/3.5 a saitin, ka sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske, tsakanin 1600 da 3200, ka bar gilashin a buɗe sakan 15 zuwa 20. Idan ka wuce haka taurari za su fara jan layi, domin duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa. Ka saita kaifin hoton da hannunka a kan tauraro mafi haske, ka sa jinkirin sakan biyu don kada taɓawar yatsanka ta girgiza shi, ka kashe filasha.

Sai dai ina roƙonka da Allah, kada neman duhu ya kai ka daji da dare a wannan zamani. Mutum a tsaye shi kaɗai a bayan gari da ƙarfe mai ƙafa uku yana haska tocila, 'yan sintiri ba za su yi masa kyakkyawar fassara ba, kuma ba zan zarge su ba. Ka nemi gidan 'yan'uwa a ƙauyen da aka san ka, ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da rana, ka ɗauka daga tsakar gida ko saman soro bayan an kashe janareta. Ka turo mana sunan wayar da kake amfani da ita, domin ba kowace ce take barin a kai sakan 20 ba, sai in gaya maka inda saitin yake.