Tabarmar maganaɗisu za ta warkar da kumburin hanji?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 24 ya daɗe yana gudawa da jini da majina. An leƙa hanjinsa da na'ura, aka ce ciwon alsaratif kolaitis ne, yana shan mesalazine. Yanzu wani mai talla ya kawo mana tabarma mai maganaɗisu, ya ce Turawa sun gano tana kashe kumburin, ba sai an ci gaba da shan ƙwaya ba. Mu saya? Daga wata uwa a Tarauni, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kada ku saya da niyyar magani, kuma don Allah kada ya ajiye ƙwayarsa.

Ciwon ɗanki da wani mai kama da shi, wato ciwon Kuron, wanda Dakta Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1932, tushensu ɗaya: garkuwar jiki ce ke far wa bangon hanji har ya kumbura ya yi gyambo. Yakan lafa, ya sake tashi.

Maganar mai tallan tana da ɗan asali, shi ya sa take shiga kunne. Idan wutar lantarki ta bi ta naɗaɗɗiyar waya tana kunnuwa tana mutuwa, takan haifar da ƙarfin maganaɗisu mai bugawa, wanda ke ratsa nama ya tayar da 'yar ƙaramar wuta a ciki. Tun 1979 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da wannan ga karayar da ta ƙi haɗewa, a 2008 kuma ta amince da wani nau'insa da ake ɗora wa kai don ciwon damuwa. Masu bincike sun gwada shi a kan ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji da kuma ɓeraye, wasu suka ga sinadaran da ke rura kumburi, irin su TNF, sun ragu. To amma ɓeran da aka jawo wa ciwon hanji da sinadari na 'yan kwanaki ba daidai yake da saurayin da ciwon ya zauna masa shekaru ba. Har yau wannan hanya ba ta shiga cikin magungunan da ƙungiyoyin likitocin hanji suka amince da su ba. Ina fata binciken ya kai gaci, domin na san nauyin kuɗin magani a kan iyalai, sai dai fata ba hujja ba ce.

Ita kuwa tabarmar talla, yawanci maganaɗisu ne tsayayye aka ɗinke a ciki, irin na bayan sifikar rediyo. Ba ya bugawa, kuma ƙarfinsa na raguwa sosai da an ɗan matsa daga gare shi, ballantana a ce ya ratsa fata da kitse da tsoka ya isa babban hanji. Masu bugawa da lantarki kuma haɗari ne ga wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya.

Abin da ya fi damuna shi ne barin magani. Mesalazine ita ke riƙe ciwon a kwance ko da mutum yana jin garau. Mai barinta yakan dawo mana yana zagawa bayan gida dare da rana, ido ya yi fari fat saboda ƙarancin jini, sai an kwantar da shi an ɗaura ruwa. Idan ita kaɗai ta gaza akwai matakai na gaba: prednisolone na ɗan lokaci, azathioprine, sai allurai irin su infliximab. A nan Kano kafin a hau waɗannan dole a duba tarin fuka da atuni na amiba, domin suna kwaikwayon wannan ciwo, kuma maganin da ke danne garkuwa yakan sa su yi tsanani.

Ya guji diclofenac da ibuprofen na kemis, da jiƙe-jiƙen da ake cewa na basir ne. Ku koma wurin likitan ciki da ke dubansa, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a auna jininsa da bayan gidansa. In ciwon ya kai kimanin shekara 8, za a riƙa leƙa hanjin lokaci-lokaci saboda gudun cutar kansa (ciwon daji). Zazzaɓi, ko kumburin ciki, ko jini mai yawa kuwa, ku kai shi asibiti a ranar, kada ku jira ranar ganin likita.